Naƙasa da Taɓin Hankali: Wa Ke Da Alhakin Biyan Kuɗin Gado?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Ina godiya ga masu shirya wannan taro da suka ba ni dama in tsaya a gaban malaman da suka koya mini riƙe alƙalami. An ce in zaɓi abin da ya shafi aikina, ya kuma shafi ƙasarmu ta Rano da Kibiya. Aikina kuwa, kamar yadda wasunku suka sani, bai wuce fayil da lissafin kasafin kuɗi ba. Ni ba likita ba ne, don haka kada kowa ya sa ran jin sunan magani daga bakina. Maganar kuɗi zan yi, wato kuɗin gwamnati, da yadda suke tsallake wani rukuni na 'yan uwanmu: mutumin da naƙasa ta kama jikinsa, sannan ciwon ƙwaƙwalwa ya zo ya haɗu da ita, har ta kai gida ya kasa riƙe shi, yana bukatar wurin da zai zauna a kula da shi na wani lokaci.

Kada a ɗauka irin waɗannan mutane tsiraru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2022, inda ta ce kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. Ta kuma ce haɗarin kamuwa da ciwon damuwa ga mai naƙasa ya ninka na wanda ba shi da ita sau biyu. Mu a nan ba ma bukatar a kawo mana lissafi daga Janeba. Yawancinmu muna makaranta lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a jihar Kano a 2003, ba a koma ba sai a 2004. Yaro na ƙarshe da aka samu da ainihin ƙwayar cutar a wannan jiha, a 2014, a Sumaila aka same shi, nan maƙwabtanmu. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, aka yi murna, kuma murnar ta dace. Amma yaran da ta riga ta shanye suna nan, da yawansu sun zama magidanta. Ku ƙara da waɗanda haɗarin babur da na mota ya taɓa musu laka, da masu shanyewar ɓarin jiki saboda hawan jini, da waɗanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga, za ku ga babu unguwar da ta kuɓuta.

Galibin waɗannan bayin Allah hankalinsu lafiya lau, suna sana'arsu, wasu ma sun fi masu ƙafa neman na kansu. Wanda ya ga masu ƙera keken guragu a cikin birnin Kano, ko ya kalli ƙwallon da guragu ke bugawa da hannu, ya san haka. Maganata a kan 'yan ƙalilan ne daga cikinsu, waɗanda abin ya haɗe musu biyu.

Akwai wani matashi a nan yankinmu na Dawaki, ba zan ambaci sunansa ko gidansu ba. Ɗan acaɓa ne, mota ta buge shi, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. An sayar da gona an yi masa aiki, aka sallamo shi gida. Watannin farko 'yan dubiya ba sa yankewa. Daga baya ƙafa ta ɗauke, kamar yadda aka saba. Sai ya daina magana, ya daina karɓar abinci sai da lallashi, can kuma ya fara kwana yana surutai, yana cewa ana kiransa daga bayan katanga. Mahaifiyarsa ce mai juya shi don kada gyambo ya fito masa a baya, ita ce mai kula da robar fitsari, ita ce mai wanki, kuma dattijuwa ce. Da 'yan uwa suka tashi neman inda za a kwantar da shi, a wani wuri aka ce musu aikin ƙashi ya ƙare, abin da ya rage na likitan ƙwaƙwalwa ne. A wani wurin aka ce za a rubuta masa magani ya riƙa sha a gida, amma kwantarwa sai mai iya tashi ya kai kansa bayan gida. A wuri na uku, gidan gajiyayyu, aka ce ba su da likita, ba su kuma karɓar mai taɓin hankali. Kowa ya faɗi gaskiyarsa. Yaro dai ya koma ɗakin mahaifiyarsa, biyu babu.

To, me ya jawo haka? Ba mugunta ba ce. Yadda aka raba aikin gwamnati ne. Ciwo na ma'aikatar lafiya ne. Naƙasa kuwa, tun zamanin da, an ajiye ta a ɓangaren jin daɗin jama'a, tare da marayu da gajiyayyu da mabarata. Kowace ma'aikata da nata kasafin, da nata babban sakataren, da nata mai binciken kuɗi. Idan fayil ɗin mutum irin wannan yaro ya shigo ofishin lafiya, jami'i zai duba ya ga ana neman ɗaki da abinci da mai jinya, sai ya rubuta cewa wannan na jin daɗin jama'a ne. Idan ya isa can, a ga ana neman nas da magani da likita, sai a rubuta a mayar da shi lafiya. Babu wanda ya karya doka. Hasali ma jami'in da ya ɗauki kuɗin da aka ware wa wani abu ya kashe a kan wannan, shi ne zai amsa tambaya. Wannan ita ce ƙa'idar aikinmu, kuma ina roƙon kowa ya riƙe ta: abin da ba shi da layinsa a cikin kasafin kuɗi, a wurin gwamnati babu shi, ko da kuwa yana kwance a ƙofar ofis.

Muna da asibitoci na ƙwararru, kuma abin alfahari ne. Asibitin ƙashi na Dala yana aiki tun 1959. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Amma asibiti an gina shi ne don a yi magani a sallami mutum, wani ya hau gadon. Ba mazauni ba ne. Sannan duk wanda ya taɓa jinya ya san cewa a ƙasar nan majinyaci ba ya kwanciya shi kaɗai, sai da ɗan uwa da zai bar gonarsa ko kasuwarsa ya tare a gefen gado. Daga Dawaki zuwa Dawanau sai an shiga Kano an ratsa ta an fita ta hanyar Katsina, mai keken guragu kuwa ba ya shiga motar haya kamar kowa, sai dai a yi masa shata. Kuɗin shata tun da aka cire tallafin mai a 2023, kowa ya san inda ya kai. Likitocin ƙwaƙwalwar kansu, ƙungiyarsu ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Idan ƙofar gwamnati ta rufe, iyali ba za su zauna ba, za su nemi wata. Mun tuna abin da ya faru a 2019. A watan Satumba 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka sami irinsa a Daura, aka kuma rufe irin waɗannan gidaje a Kano. Kowa ya yi Allah wadai. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yawancin mutanen nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi. Wato bukatar tana nan, har mutane na sayar da hatsi su biya. An rufe gidan mari, madalla. Amma me aka buɗe a madadinsa?

Yanzu bari mu duba takardu, domin a takarda ba mu da talauci ko kaɗan.

Shekara da shekaru ƙasar nan tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda ita ma ta samo asali daga dokar Turawa ta 1916. Manufar waccan doka ita ce a tsare mutum don kada ya dami jama'a. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa mai wannan ciwo majinyaci ne mai haƙƙi, ta kuma tanadi a kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya tare da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin nan, a Janairun 2019, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Wannan doka ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Ku zagaya ofisoshi da asibitoci ku ƙirga matakalu, ni ba zan ce komai ba. A cikin dokar dai akwai inda aka ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin a yi masa magani kyauta a duk asibitin gwamnati. Mutum nawa a cikin wannan zaure suka taɓa jin haka?

Wajen kuɗi ma akwai tukwane da dama. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa asusun marasa galihu. A jiharmu akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda ake cire mana kuɗinta daga albashi mu ma'aikata, akwai kuma asusun amana na lafiya da aka kafa a 2017, wanda ƙananan hukumomi ma suke zuba nasu kason a ciki. Duk waɗannan suna da amfani. Sai dai an tsara su ne don biyan ganin likita, da gwaji, da magani, da haihuwa, da tiyata. Babu wanda aka tsara don ya biya ɗaki, da tuwo sau uku, da albashin wanda zai juya mutum cikin dare har tsawon wata shida. Wannan shi ne giɓin.

Kada ku zaci mu kaɗai ne. A Amurka, da duk arzikinta, tsarin Medicaid na kula da lafiyar talakawa da aka kafa a 1965 yana da ƙa'idar da ta hana gwamnatin tarayya biyan kuɗin kwanciyar baligi ɗan shekara 21 zuwa 64 a gidan masu taɓin hankali idan gadajensa sun wuce 16. Har yau suna jayayya a kanta, suna neman hanyoyin kewaye ta. Layi ɗaya ne a cikin doka, amma ya yanke wa dubban mutane inda za su kwana.

Akwai wata takarda guda da na fi so mu kula da ita, domin ita ce ta fi kusa da mu. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. A cikinsu akwai kafawa da kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa ƙarfi. A layi ɗaya aka rubuta su. Katangar maƙabarta kam muna ganinta a jerin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma aikin alheri ne, babu mai musu. Rabin layin na biyu, wato na masu rai, shi ne ba a cika karantawa ba. Ga shi kuma a watan Yuli na 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko yaya aiwatar da hukuncin ya kasance, ya ba mu hujjar zuwa wurin ciyaman na Rano da na Kibiya da tsarin mulki a hannu, mu ce ranka ya daɗe, ga aikin da doka ta ɗora maka.

Wani zai ce, to sai a gina katafaren gida a kwashe su duka a zuba. A nan ne nake so mu yi hattara. Ƙasashen da suka gina irin waɗannan manyan gidaje sun dawo suna rushe su. Italiya ta yi doka a 1978 ta rufe nata. A nan gida, binciken da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Nuwamban 2019 ya sami mutane ɗaure da sarƙa har a wuraren da gwamnati ke gudanarwa. Babban gida mai doguwar katanga, nesa da gari, inda ɗan uwa ba ya iya zuwa sai shekara-shekara, ko da tutar gwamnati a ƙofarsa, ƙarshensa gidan mari ne. Mai naƙasar jiki kuma shi ya fi kowa shiga haɗari a irin wannan wuri, tun da ba ya iya gudu, ba ya iya kare kansa, idan an manta da shi kwana biyu gyambo ya kama shi.

Abin koyi yana nan cikin ƙasarmu. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon a kulle majinyata, sai aka kama musu ɗakuna a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwansa guda, ana biyan masu gidajen kuɗin haya. Da rana su je asibiti a duba su, da yamma su koma cikin mutane, su ji kukan akuya da dakan turmi kamar a gida. Duniya ta zo ta koya daga Aro. Haka kuma a Itumbauzo, cikin jihar Abiya ta yanzu, akwai cibiyar Amaudo da aka kafa a 1989, wadda ke ɗauko masu taɓin hankali daga titi, ta zaunar da su tare da ma'aikata a wuri guda, a yi musu magani, a koya musu sana'a, sannan a nemo danginsu a mayar da su gida.

Abin da nake ganin ya dace da mu bai fi ƙarfin ƙananan hukumomi biyu ba idan jiha ta sa hannu. Gida ne ƙarami a kusa da babban asibitin Rano, gado goma ko goma sha biyu, ɓangaren maza daban na mata daban, babu bene, ƙofofi masu faɗi, bayan gida wanda keke zai shiga ya juya. A sami nas mai horon ƙwaƙwalwa, da mai gashin ƙashi da zai riƙa leƙowa, da likita daga Kano ko sau ɗaya a wata. Zaman ya kasance na wa'adi, wata uku ko shida, ƙofa a buɗe ga dangi kullum, kuma a shigar da mutum da yardarsa matuƙar yana iya bayar da ita. A tanadi gado biyu don hutun masu jinya, wato a karɓi majinyaci na mako biyu domin tsohuwar da ke ɗawainiya da shi ta sami barci, ko maigida ya samu ya yi girbi. Wanda bai taɓa jinya ba zai raina wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma ga gargaɗin ma'aikaci. Gini ba shi ne wahala ba. Gini kowa na sonsa, domin akwai kwangila, akwai yanke kyalle, akwai allo mai ɗauke da suna. Abin da ke kashe irin waɗannan wurare shi ne kuɗin yau da kullum: abinci, sabulu, man janareta, safar hannu, katifa, albashin masu jinya. Mun ga asibitocin sha-ka-tafi nawa da aka gina a ƙauyuka, yau awaki ke kwana a ciki? Saboda haka idan za mu roƙa, kada mu fara da roƙon bulo. Mu roƙi layi a kasafin kuɗin yau da kullum, mai suna, mai lamba, a ƙarƙashin ma'aikata guda da za a iya kama ta da alhaki. Ni a ganina ma'aikatar lafiya ce ta dace, domin ita ke da nas da magani, sai ƙaramar hukuma ta ɗauki abinci da masu jinya bisa abin da tsarin mulki ya ɗora mata. A rubuta yarjejeniyar a takarda, kowa ya sa hannu. Bayan an sa a kasafi kuma sai a bi sawu, domin sanya kuɗi a takarda daban, sakinsu daban. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa cika shi ba.

Ina jin wani a baya yana cewa, gwamnatin da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da mace-macen mata wajen haihuwa, ina ta ga kuɗin mutum goma sha biyu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni da nake zama a kan lissafi ba zan raina ta ba. Amsata ita ce, ana biyan kuɗin nan tun yanzu, sai dai ba daga baitulmali ba. Gonar da aka sayar biya ce. Yarinyar da aka cire daga makaranta don ta taya uwarta jinya biya ce. Mutumin da aka bari har gyambo ya ci shi, aka kwashe shi zuwa asibiti ya riƙe gado wata biyu, wannan ma gwamnati ce ta biya, kuma da tsada.

Shugaba, ga abin da nake roƙon ƙungiya. Ba na neman mu yi karo-karo mu gina gida, aljihunmu ba zai iya ciyar da shi ba, kuma ba aikinmu ba ne mu sauke wa gwamnati nauyinta. Abin da muke da shi wanda talakan Dawaki ba shi da shi, shi ne sanin ƙofa. A cikinmu akwai likita, akwai lauya, akwai nas, akwai kansila, akwai masu aiki a sakatariyar Audu Bako. A kafa kwamiti na mutum biyar. Aikinsa na farko ƙidaya: a bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, da ma'aikatan lafiya na mazaɓu, da shugabannin ƙungiyoyin naƙasassu, a san mutum nawa ne ke cikin wannan hali a Rano da Kibiya, ba tare da an tona asirin kowa ba. Kada a yi wannan aiki sai da naƙasassun kansu a cikin kwamiti, su suka san abin da mu ba mu sani ba. Jami'in kasafi ba ya jin "suna da yawa", lamba yake so.

Sannan a kula da lokaci. Ma'aikatu suna haɗa bukatunsu tun tsakiyar shekara, kafin gwamna ya kai kasafi gaban majalisar dokoki a ƙarshenta. Takardar da ta iso a watan Disamba ta makara, sai dai a ce a jira baɗi. Don haka ina ba da shawarar kwamiti ya kammala ƙidaya kafin faɗuwar damina, ya miƙa takarda ga ciyamomin biyu da kwamishinan lafiya da 'yan majalisarmu na jiha, ya kuma tura wakili ranar da majalisa za ta saurari ra'ayin jama'a a kan kasafi. Rubuta takardar da tsara lissafinta yadda ofis zai karɓa, wannan na ɗauka, idan ƙungiya ta amince.

Ina neman afuwar malamaina idan na ja lokaci.